Baƙaƙen Duwatsun Alkasum

Maganaɗisun ya ƙi tashi. Sau uku Alkasum yana ƙara ruwan azot mai ƙanƙarar sanyi a kan baƙin dutsen, ƙarfen yana kwance abinsa.

Ɗalibai ɗari biyu ke kallonsa a tsohuwar makarantarsa ta Damagaram. A sahun gaba ga Mushe Suma'ila, kamar yadda suke kiran malamin da ya koya masa kimiyya, ya sha babbar riga domin ranar. Alkasum kuwa ya riga ya cika baki. Ya ce duwatsun nan haɗi ne na ɗakin bincikensu a Turai: idan suka yi sanyi, lantarki na ratsa su ba tangarɗa, maganaɗisu kuma ya tsaya a iska a kansu. Ya ce an harbe su da hasken nukiliya, wanda kaɗan daga cikinsa ke ƙara musu riƙo, mai yawa kuma ya kashe su. Ruwa na ainihi ne kawai ba sa so, yana lalata su; azot kuwa iska ce da tsananin sanyi ya mai da ita ruwa-ruwa.

Wani ya yi dariya a baya. Mushe Suma'ila ya sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Da ƙafa ya koma gida a unguwar Birni, ta lunguna, don kada ya haɗu da idon sani. Ya zazzage duwatsun shida a tabarma. Duk sun yi fari-fari a gefe. Bai tsaya tunani ba, mai jin kunya ai neman wanda zai ɗora wa yake yi. Wasila ce ta harba hasken, 'yar ƙasarsu wadda shi da kansa ya nema wa gurbi a ɗakin binciken. Lallai ta zarce ƙima. Ya rubuta wa shugabansu wasiƙa mai zafi. Wasila ta kira sau tara, bai ɗauka ba. Kafin mako ya cika an sallame ta.

Mahaifiyarsa, Ya Falmata, ba ta tambaye shi komai ba. Ita dama tun da ta ji sunan hasken nan ta hana akwatin duwatsun kwana a ɗakinsa, ta kai shi nata. Mijinta ya yi shekara ashirin yana haƙar yuraniyom a arewa, ya dawo da tarin da ya yi ajalinsa. Alkasum ya yi ta bayanin cewa duwatsun ba sa cutarwa, ta ce to.

Ranar komawarsa Turai ta rako shi zaure, ta miƙa masa akwatin tana murmushi.

"Tafi hankali kwance, ɗana," in ji ta. "Tun ranar da ka iso na jiƙa duwatsun nan kwana uku a ruwan rubutu, na shanya. Dafin da ya ci babanka ba zai ci ka ba."