Manomin da Ya Turare Ramin Yanyawa

Kai Tanko, da gemunka da komai za ka tsaya kana tambayata ko a ɗana wa yanyawa tarko? A kan kaza guda? Zauna ka ji, tunda kunnen naka ado ne.

Wani manomi ne, gonarsa a bayan gari, rumbunsa a bakin gonar. Da sanyi ya kankama, fara ta ɓace, kwaɗi suka shige ƙasa, daji ya zama ba abin kaiwa baki. Kullum da sassafe in ya fito yana rawar ɗari, sai ya tarar da yanyawa tsaye a cikin tushiyar dawa kamar an kafa ta, kai a karkace, kunnuwa a miƙe. Motsin ɓera take saurare a ƙarƙashin kara. Sai ta fi tsawon dahuwar koko ba ta ɗaga ƙafa ba, sannan ta yi tsalle guda ta dira da hannuwa biyu. In ta kama uku ta ci ɗaya, ta tona rami ta binne biyu saboda gobe. Shi kuwa gogan ba wannan yake gani ba. A ransa kajinsa take yi wa laɓe. Ran da wata tsohuwar kaza da ta daina ƙwai ta ɓata, ko fiffike bai nema ba. Matarsa ta ce ya duba ko shaho ne, ya ce mata me mace ta sani a harkar daji. Ya bi sawun yanyawa har raminta, ya cusa ƙaiƙayi da barkono, ya sa wuta, ya toshe baki da dutse. Ya dawo gida yana hura hanci, wai ya yi aiki.

To, ɓera ba ya jiran izini. Wanda a da ba ya iya ƙetare fili da rai, yanzu ya bi tushiya har gindin rumbu, ya haihu, jikoki suka haihu. A rumbun nan irin shukarsa yake, damin gero zaɓaɓɓe da gyaɗar da ya hana 'ya'yansa ko ɗanɗanawa. Da ruwan farko ya sauka, maƙwabta suka fita da sungumi, shi ya ɗaga murfin rumbu ya zura hannu har kafaɗa. Ɓawo da kashin ɓera ya damƙo. Matar tana tsaye a bayansa ta ce, “Ga kajinka nan lafiya lau, malam. Sai ka shuka su.”

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.