Wanda Ya Saki Zaren

Jirgin ruwan ya yi kuka sau uku, zaren ya fara warwarewa a hannunta. Haka ake sallama a tashar Napoli ta Italiya: mai tafiya Ajantina ya riƙe bakin zare daga saman jirgi, na gida ya riƙe dunƙulen har ya ƙare. Ita jar rigar sanyinta tilo ta warware, don zaren ƙanenta mai tafiya ya fi na kowa tsawo.

"Kai, sarkin mantuwa, kar ka saki!"

"Yaya, ko da hannuna zai cire!"

Zaruruwa suka yi ta lilo bisa teku kamar yanar gizo-gizo. Nata bai kai rabi ba ya sulale cikin ruwa. Ta naɗe abinta a jiƙe, ta juya. A ganinta saki ya yi; daga ranar ko wasiƙarsa ɗaya ba ta buɗe ba.

Shekara arba'in jirgin yana kwashe unguwarsu gida-gida. Duk zuwansa tana bakin ruwa, wai shan iska.

A zuwansa na ƙarshe, kafin a farfasa shi, wata mata ta sauko tana cigiyarta, goshinta sak na ƙanen. Ta kwance hankici, sai ga guntun jan zare, bakinsa a tsinke.

"Gwaggo, Baba ya ce in gaya miki tsinkewa ya yi. Da shi a yatsa ya rasu."

Tsohuwar ta ciro dunƙulen daga aljihu, ta ƙulla bakin biyu. Sannan ta ja a hankali, ta tsaya tana jiran a ja daga can.