Amfilifayar Malam Barau

Akwai maƙaryaci a gidan Malam Barau mai gyaran rediyo da ke Limawa, kuma ba ƙaramar ƙarya ya shirga ba. Ku dai biyo ni.

Ranar Litinin aka sheƙa ruwa, kwanon shago ya fara yoyo daidai kan amfilifayar Malam. Ɗayyabu, ɗansa na biyu, ya sungume ta zai kawar, gefenta ya daki ƙofa. Ɗaya daga cikin kwalabe huɗun da ke tsaye a kanta ta tarwatse. Malam kuwa yana Umra, ranar Juma'a zai dawo.

Sai ka san amfilifayar kafin ka san girman bala'in. Gadon mahaifin Malam ce, tsohuwar ƙira, irin mai kwalaben nan da ke yin ja idan an kunna. Kullum bayan la'asar Malam zai fito da sifiku biyu gindin darbejiya, ya sa kaset ɗin karatu, dattawan layi su baje tabarma. Murya ce ke fitowa mai kauri, mai taushi, kamar mai karatun yana zaune kusa da kafaɗarka. Malam ya kan ce na zamani duk gwangwani ne, sautin kwalba sai kwalba.

Dokokinta biyu. Idan kwalba ta fashe ba a kunna ta, ƙonewa za ta yi ƙurmus. Kuma ba a buɗe cikinta. Kusoshin ƙasan ma jan fenti Malam ya shafe su da shi. Ikrima, babban ɗansa, sukundireba kawai ya ɗora kan guda ɗaya, ko juyawa bai yi ba, Malam ya kore shi daga shago da gida. Shekara tara ke nan yana tuƙin adaidaita a Jahun. To Ɗayyabu mai mata da 'ya'ya uku, a gidan uban yake kwana, a shagon uban yake ci, ina za shi?

Ya tambayi sabuwar kwalba ta waya. Sai an yi oda daga waje, sati shida, kuɗin kuma ko ya sayar da babur ɗinsa da ƙyar. Dabara ɗaya ta rage. Ita ce ya samo ƙaramar amfilifaya ta zamani mai taransisto, marar kwalba, mai araha, wadda sautinta ya yi kama, ya cusa cikinta a tsohuwar, ya tsayar da matacciyar kwalba a gurbin wadda ta fashe. Matacciyar ba ta ba shi wuya ba, a jikin wani tsohon rediyo ya cire ta a Aujara. Sautin ne ya gagara.

Talata ya zaga kasuwar Dutse da kaset ɗin Malam a aljihu. Wata tana tsiwa kamar an taka wutsiyar kyanwa. Wata kuma gum-gum kamar daga cikin rijiya. Laraba ya shiga Kano wajen masu kayan gwanjo, ya saurari guda tara har kunnensa ya fara ƙaiƙayi.

"Ɗan'uwa, wai me kake nema ne?" in ji wani mai shago da ya gaji da jona masa waya. "In mai kwalba kake so ka faɗa. Ita ai sai ta ɗau zafi tukuna take magana."

"Tamu ana kunnawa take magana," in ji Ɗayyabu.

Mutumin ya kwashe da dariya. "To taku ta aljanu ce."

Ɗayyabu bai ji daɗin dariyar ba, ya ɗauki wadda ta fi dama-dama ya kamo hanya. Yana cikin mota Malam ya kira daga Madina. Bai tambayi jikoki ba, bai tambayi ciniki ba.

"Kana lulluɓe min ita dai ko?"

"Ina lulluɓewa, Baba."

"Kada kowa ya raɓe ta. Kai ma."

Alhamis bayan azahar ya ja ƙofar shago, ya danna sakata daga ciki. Matarsa Adawiyya ta biyo shi da magana ta taga, ta ce ya faɗa wa tsohon gaskiya ya huta. Ya ce ta je ta tambayi Ikrima yadda tasa ta ƙare. Zafi ya cika shagon, gumi na ɗiga masa daga haɓa. Ya kwantar da amfilifayar kan tsumma, ya kankare jan fentin, ya kwance kusoshi shida ɗaya bayan ɗaya. Daga nan babu komawa baya.

Ya ɗaga murfin.

Wayoyin kwalaben duk a yanke suke, an naɗe bakinsu da kyau. Guda biyu kawai aka bari, su ne masu sa su yin ja. A tsakiya an ɗaure ɗan allon rediyon mota, na taransisto, irin wanda ake zubarwa a kwandon 'yan gwangwan. Liƙin dalmar nan ko a mafarki Ɗayyabu ya san hannun da ya yi shi, shi ya koya masa riƙe ƙarfen.

Ya jona wuta, ya sa kaset. Nan take muryar ta cika shagon, mai kauri, mai taushi, ga gurbin fasasshiyar kwalba a buɗe.

A jikin murfin akwai 'yar takarda da rubutun Malam Barau: "Na gyara, 1997." Mahaifin Malam kuwa sai a 2003 ya rasu, yana yabon sautin kwalabensa har ranar ƙarshe. Na ce muku akwai maƙaryaci a gidan nan, ban ce Ɗayyabu ba ne. Mai musu ya fito ya musa.