Jijiyar da Ya Ɓoye

Ma'aikaciyar jinya ta sake soka wa saurayin allurar, ba ta samu jijiya ba. Likita ya ce cuta ta bi jininsa har ta kama zuciya, in ba a ɗaura masa ruwan magani yau ba, sai wani ikon Allah.

Uwarsa tana goge masa gumi. Zazzaɓi take ce wa dangi, har ita ma ta kusa yarda.

"Duk ka ƙone jijiyoyinka da allurarka," in ji ma'aikaciyar.

Ƙwayar da likita ya sa masa ƙarƙashin harshe, mai kashe ƙishirwar abin mayen da yake soka wa kansa, ta ɗan tsayar da karkarwarsa.

"Inna, juya baya," in ji shi.

Ta ƙi.

Ya tuɓe safa, ya nuna wata siririyar jijiya gefen idon sawu. "Wannan na ajiye wa ranar da zan gaji da duniya."

Allura ta shige lafiya lau.

Wayar uwar ta yi ƙara. Yayarta ce. "Yaya mai zazzaɓi?"

Ta ƙara damƙe ƙafar ɗanta.

"Yaya, ba zazzaɓi ba ne."