Koron Inna

Wata ranar Lahadi, ina yaro, na dawo daga majami'a a tsorace, don na ji wa'azin ranar shari'a. Inna tana ƙofar gidanmu a Habbena, tana auna gero da koro, kwanon awonmu.

Na ce, "Inna, zunubi ma da koro Allah zai auna?"

Ta cika shi har ya yi tozo. "Ga naka, sarkin taurin kai." Sai ta juye a buhu, ta nuna mini kwanon wayam. "Yesu ya kwashe a kan gicciye. Me za a auna? Kalas, an gama."

Ban yi karatu mai nisa ba, jiki ma ya gaji yanzu. Amma tsoron wuta bai ƙara hana ni barci ba. Na gode, Inna.