Sikelin Inna

A kasuwar Gummi na ƙi sikeli mai batir, wanda ba ya ƙarya, na ɗauki mai allura. Na ce don araha ne. Gaskiyar ita ce ana iya murɗa allurarsa.

Likita ya ce a riƙa auna Inna duk Juma'a. Kullum ramewa take yi, ni kuwa sai in murɗa allurar gaba kafin ta hau, in tura wa ƙanwata hoto. Amfanin digirina ke nan.

Yau na duƙa zan murɗa, sai na ji hannun Inna a kaina, ba nauyi.

Ta ce, "Ƙara kilo biyu, ɗana. Cikin ƙanwarka ya tsufa, kada hankalinta ya tashi."