Jar Mota a Ƙofar Surukai

Motar ta ƙi tashi a ƙofar gidan surukansa a Isa, ranar da ya fara zuwa gaishe su. Ja ce mai ƙofa biyu, irin ta masu hali, da ita yake zirga-zirgar aiki Sabon Birni kullum. Ta sha tafiya, fenti ne ya rufa mata asiri. Ɗazu a zaure ya ce musu sabuwa ce fil daga Kwatano.

Mahaifin yarinyar ya naɗe riga, ya dafa bayan motar.

"Baba, don Allah bari."

"Sa giya ta biyu, ɗana."

Dattijon ya tura, ta tashi. Ya leƙo taga yana haki, ya sassauta murya kada dangi su ji.

"Haka taka yi in ta ɗau zahi. Shekara goma ina gyaranta Kaduna."